Tambaya da Amsa: Ina za a nufa da matashi mai galahanga idan ya wuce shekarun yara?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan matasa masu galahanga suke. Da yake mutane suna kiran larurori da dama da wannan suna, har da tawayar fahimta iri-iri, mu nan abin da likitoci ke kira otizim muke nufi: yanayin da ake tashi da shi tun ƙuruciya, wanda ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da jama'a, da yadda ƙara da haske da taɓawa ke isa gare shi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16. Bai fara magana ba sai da ya kai biyar, har yau ba ya haɗa ido da mutane, yana toshe kunne idan an tayar da injin niƙa, kuma in aka taɓa masa jerin kayansa sai rigima. Mun yi ruƙiya mun yi na gargajiya. Da na kai shi wani asibiti, ɓangaren yara suka ce ya yi girma, ɓangaren manya kuma suka ba shi maganin da ke sa shi barci wuni guda. Shin lokaci ya ƙure mana? *Wata uwa, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Lokaci bai ƙure ba. Ana tantance otizim ko mutum ya kai shekara arba'in, kuma wannan tsakiyar da ɗanki ya faɗa, ya fi ƙarfin ɓangaren yara bai kuma dace da na manya ba, matsala ce da ke damun iyalai masu matasa da yawa.

Wanda za ki nema shi ne likitan ƙwaƙwalwa mai kula da yara da matasa, ko masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki tare da shi. Kusa da ke akwai sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Masu karatu na wasu wurare suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Asibitin Koyarwa na Jos. Tun a wurin yankar kati ki faɗi abin da ya kawo ki a fili: kina so a tantance ko otizim ne, kuma kina son ranar da likitan matasa ke zama. In kika ce kawai "yana da matsalar ƙwaƙwalwa", layin kowa da kowa za a tura ki.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna otizim. Da tarihi da lura ake gano shi, shi ya sa abin da kika riƙo ya fi kuɗin da za ki kashe muhimmanci. Ki je da wanda ya rene shi tun yana jinjiri, ko ke ko kakarsa, domin za a tambayi shekarun da ya fara zama da tafiya da magana, ko yana nuna abu da yatsa yana ƙarami, ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, da irin wasan da yake yi. Ki haɗa da katin rigakafi, da sakamakon makaranta ko na firamare ne, da kwalayen duk magungunan da ya taɓa sha, da gajerun bidiyo uku ko huɗu na waya da ke nuna shi a gida, yana cikin natsuwa da kuma lokacin da ransa ya ɓaci. Yawanci ba a gamawa a zama ɗaya. Ki kuma roƙi a gwada jinsa idan ba a taɓa yi ba.

Wani kuskuren da akan yi da matasa irinsa shi ne a ɗauka taɓin hankali ne irin wanda ke farawa bayan balaga, saboda yana magana shi kaɗai ko yana maimaita kalmomi. Abin da ke raba su shi ne lokaci: otizim yana nan tun shekarun farko, wancan kuwa yakan zo wa wanda a da yake lafiya ƙalau. Idan ba a tambayi ƙuruciyarsa ba, ba a gama bincike ba. Maganin da yake sha yanzu kada ki yanke masa shi kai tsaye. Ki nuna wa sabon likitan ya rage a hankali.

Kada ki baro asibitin sai da rahoto a rubuce, a kan takardar asibiti mai hatimi, da sunan likita da sa hannunsa. Ya ƙunshi sunan larurar, da ko akwai wata tare da ita kamar farfaɗiya ko tawayar fahimta, da abin da yake iya yi wa kansa, da irin taimakon da yake buƙata a makaranta ko wurin sana'a. Wannan takarda ita za a nema a hukumar jarrabawa, da hukumar masu buƙata ta musamman, da kotu in ta kama. Ki yi mata kwafi biyar, ki ɗauki hotonta a waya, asalin kuma ya zauna a gida.

Addu'a kuwa ba ta hana asibiti. Abin da za ki guje wa shi ne duka da hayaƙi da ɗauri da sunan fitar da aljani.

Tambaya: Yarona ɗan shekara 14 ne, an tabbatar yana da otizim tun yana shida, maganarsa kaɗan ce. Da ba shi da rigima, amma wata uku ke nan yana buga kansa da bango yana cizon hannunsa. Sau ɗaya ya faɗi yana karkarwa. 'Yan'uwa sun ce a kai shi gidan mari ya yi hankali. *Wani uba, Kano*

Amsa: Malam, kada ka kai shi. Mutane ba su manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa shi ya fi kowa shiga haɗari a irin wannan wuri, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta zo ne domin kare masu larura daga irin wannan wulaƙanci.

Faɗuwar nan da karkarwa ita ce ta gaggawa. Farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim fiye da sauran mutane, kuma lokaci biyu ta fi ɓullowa: ƙuruciya ta farko da shekarun balaga. Ka kai shi cikin makon nan, a duba shi, a yi gwajin wutar ƙwaƙwalwa idan likita ya nema. Gwajin yana iya fitowa lafiya alhali ciwon yana nan, don haka bayanin wanda ya ga faɗuwar yana da nauyi. In ta sake faruwa, a kwantar da shi ta gefe, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a kawar da wuta da ruwa, a duba agogo. Ba a sa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko man ja, ba a danne shi. Ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, sai asibiti nan take. Akwai kuma farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, sai dai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu yana motsa baki, a kira shi bai ji ba. Ita ma a faɗa wa likita.

Buga kai da cizon hannu da suka zo sabo, kafin a ce hali ne, a fara neman ciwo. Wanda ba ya iya cewa "haƙorina" da jikinsa yake faɗa. A haska bakinsa a duba ruɓaɓɓen haƙori, a duba kunne, a ƙirga kwana nawa yake yi bai yi bayan gida ba, domin cushewar ciki tana yawan damun masu zaɓen abinci. A duba ƙafa ko ƙaya ko farce ya shige. Sannan a tambayi abin da ya canza a gida wata uku da suka wuce: sabon malami, tashi daga ɗaki, haihuwa, tafiyar wanda ya saba da shi, ko wani da ke cin zalinsa.

Ka sami littafin rubutu ka yi mako biyu kana cika shi. Duk lokacin da abin ya faru ka rubuta ƙarfe nawa, me ake yi kafin nan, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. A ƙasan kowace rana ka sa awa nawa ya yi barci da ko ya yi bayan gida. Sau da yawa littafin da kansa yake tona asiri: kullum gab da azahar ne lokacin yunwa, ko duk sanda aka tayar da janareta, ko duk sanda aka ce ya bar abin da yake yi ba tare da an sanar da shi tun da wuri ba. Idan aka gano dalilin, sai a koya masa wata hanyar neman abin, ko da kati mai hoton abinci ne ko na ɗaki mai shiru da zai miƙa.

Magani yana da wurinsa, amma a ƙarshe. Babu ƙwayar da ke warkar da otizim. Risperidone da Aripiprazole, kamar yadda ake rubuta su a kwali, suna rage tsananin fushi da cutar da kai ne kawai. Ana farawa da ɗan kaɗan, a sake dubawa bayan mako uku zuwa huɗu, in an kai mako shida babu canji a tattauna dainawa. Suna sa ƙiba da barci da rawar hannu, Risperidone kuma yakan kumbura wa namiji nono. A auna nauyinsa da sukarin jininsa kafin a fara, a riƙa auna nauyin duk wata. Kada a saya a kemis don an ga ya yi wa ɗan maƙwabci amfani.

Tambaya: Ƙanwata mai otizim ta shiga shekara 12, ƙirjinta ya fara fitowa. Mahaifiyarmu ta rasu, ni ke riƙonta. Yaya zan koya mata al'ada? Wasu a dangi kuma suna cewa da ta isa a yi mata aure za ta warware. *Wata yaya, Gusau*

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiya, ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Daga fitowar ƙirji zuwa jinin farko yakan ɗauki kimanin shekara biyu, wani lokaci ƙasa da haka, saboda haka yanzu ne lokacin farawa, tun jinin bai zo ya firgita ta ba.

Ki raba aikin gida-gida: wanke hannu, ɓare audugar, manna ta a kamfai, sakawa, cirewa, naɗewa a leda, jefawa a inda aka tanada, sake wanke hannu. Ki zana ko ki ɗauki hoton kowane mataki ki liƙa a bayan ƙofar banɗaki. Ki ɗiga ruwan zoɓo a kan auduga ki nuna mata, ki ce mata jini zai zo haka, ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne. Ta riƙa sa audugar minti goma a rana, ana ƙarawa har ta saba, domin da yawansu taɓawar abin ce ke damunsu. In ta ƙi wata iri, a gwada wata, ko ƙunzugu mai laushi. Ana canzawa duk awa huɗu zuwa shida, kuma maimakon agogo ki ɗaure mata shi da abin da take ji take gani: asuba, hantsi, azahar, magariba, sai lokacin kwanciya. Ki riƙa yin alama a kalanda. Idan rigimarta tana ƙaruwa kwana biyu kafin jini, ciwon mara ne mai yiwuwa, ki tambayi likita maganin da ya dace. In tana da farfaɗiya kuma Sodium Valproate take sha, ki tayar da maganar da likita yanzu, domin yana cutar da ɗan tayi, ana kuma kauce masa ga 'yan mata idan akwai wani.

Maganar tsaro ki yi ta dalla-dalla. "Ki kula da kanki" ba ta isa gare ta ba. Ki koya mata sunayen gaɓoɓinta, ki ambaci mutum ɗaya ko biyu da aka yarda su taimaka mata a banɗaki, ki ce ban da su babu kowa, ko ɗan gida ne, ko ya ba ta alewa, ko ya ce sirri ne. Mafi yawan masu cin zarafi sanannu ne a gidan. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kai ta asibiti cikin awa 72 saboda maganin kariya daga ƙanjamau. Akwai cibiyoyin da aka ware domin haka, kamar Nana Khadija a Sakkwato, da Waraka a Kano, da Salama a jihar Kaduna.

Aure ba ya warkar da otizim. Akwai masu otizim da suka yi aure suna zaune lafiya, amma sun girma, sun fahimci abin da aure yake, sun kuma yarda da bakinsu. Yarinyar da aka miƙa wa wanda aka ɓoye wa halinta, abin da ya fi yawa shi ne ta dawo da saki da ciki da tsoro.

Tambaya: Ni ne mai otizim ɗin. Shekarata 18, ina ajin ƙarshe na sakandare, ina son karanta ilimin kwamfuta. Na iya karatuna, amma hayaniyar ɗakin jarrabawa tana rikita ni har in kasa rubuta komai. Akwai abin da zan nema? *Wani ɗalibi, Bauchi*

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma haƙƙinka ne. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta a tauye ka saboda larurarka. JAMB tana da wani kwamiti da ta kafa a 2017 ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa masu buƙata ta musamman jarrabawa a cibiyoyi na daban, har da Kano da Abuja. Da makafi aka fara, daga baya aka shigar da masu otizim. Inda ake yin asara shi ne wurin rajista: mai cike fom a shagon intanet yakan tsallake gurbin larura don sauri, in kuma aka rufe rajista gyara yana wuya. Ka zauna kusa da shi ka ga ya cike, ka riƙe kwafin rahoton likita, ka kuma je ofishin JAMB na jiha ka tabbatar sunanka ya shiga. WAEC da NECO kuwa ta hannun makaranta ake nema, lokacin da take tura sunayen ɗalibai, don haka ka rubuta wa shugaban makarantarku tun yanzu. Ka faɗi ainihin abin da kake so: ɗaki mai mutane kaɗan ko kujerar gefe, izinin sa abin toshe kunne, ƙarin lokaci, da a ba ka umarni a rubuce.

In ka sami gurbi, makon farko ka kai irin wannan wasiƙa ofishin kula da harkokin ɗalibai da wurin malamin da ke kula da ajinku. Ɗakin kwana mai mutum takwas yakan fi karatun kansa wahala ga irinka, ka yi tunanin zama a gida ko wurin dangi. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN ma hanya ce. Wanda za ka gaya wa larurarka cikin abokai kuwa, wannan zaɓinka ne.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne, saura shekara huɗu in yi ritaya. Ɗana mai shekara 19 ya bar makaranta tun aji uku, yana gida ba ya komai. An ce ya fita daga inshorar lafiyata. Ina tunanin sana'a, ina kuma tunanin bayan raina. *Wani uba, Sakkwato*

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, Alhaji. Inshorar ma'aikata ta NHIA tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka je ofishinsu ka yi masa rajista ta kansa a tsarin GIFSHIP, wato inshorar da mutum ke biya wa kansa, ka kuma tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha ko zai shiga rukunin masu rauni. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2019 ta ce mai larurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu buƙata ta musamman. A aikace ba ko'ina ake cikawa ba, amma mai takarda a hannu ya fi mai baki. Ka yi masa NIN, ka nemi takardar shaida daga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, ka kuma gabatar da kanka ga jami'in walwala na asibitin da yake zuwa, domin su suka san inda ake rangwame.

Sana'a daga abin da yake so za a zaɓo ta, tare da lura da abin da jikinsa ba ya ɗauka. Mai toshe kunne ba a kai shi walda ko injin niƙa. Mai son jera kaya yakan yi kyau a shirya kanti, ƙulla kaya a leda, guga, kiwon kaji, ban ruwan lambu, ko saƙa. Ka nemi ubangida mai haƙuri wanda shagonsa ba ya cika, ka gaya masa gaskiya tun farko. A fara da awa biyu, kwana uku a mako, aiki ɗaya tak, da wani ɗan gida da zai raka shi makonni huɗu na farko yana janyewa a hankali. A nuna masa da hannu maimakon dogon bayani, a koya mataki ɗaya sai ya zauna a ƙara wani. Abin da ya fi rushe irin wannan shiri shi ne tsokanar sauran yaran shago da canza masa aiki ba sanarwa, sai kuma aike cikin kasuwa tun bai san hanya ba. A biya shi ko kaɗan ne, a hannunsa, a koya masa ƙirga canji. Ya riƙa yawo da kati a aljihu mai sunansa da lambar waya biyu da jimla ɗaya da ke cewa yana da otizim, ba ya saurin amsa tambaya, saboda ranar da zai haɗu da 'yan sintiri.

Batun bayan rai, rabonsa na gado cikakke ne kamar na kowane ɗa. Aya ta 5 da ta 6 a Suratun Nisa'i su ne tushen hukuncin riƙe wa wanda bai iya juya dukiya ba dukiyarsa, ana ciyar da shi ana tufatar da shi daga cikinta. Tunda ba a yi wa magaji wasiyya, in kana son ware masa wani abu, kamar shago ko ɗakin haya, sai ta hanyar kyauta tun kana raye, da shaidu da rubutu da miƙawa, ko ta waƙafi. Ka zauna da malamin da ya san fiƙihun gado da kuma lauya. Ka ambaci wanda zai zama waliyyinsa, da na biyu in na farko ya gaza, ka tambaye su yardarsu a gaban 'yan'uwa, shi ma yaron a tambaye shi wurin wa yake son zama. Sannan ka sa ya fara kwana a gidan mutumin, dare ɗaya a wata, tun kana nan kana ganin yadda abin ke tafiya.